Zinariyar da Taɓarya ta Lotsa

Duk wanda na buɗe wa gwangwanin shayin da nake ajiye sulallan zinariyata, tambayarsa ta farko ɗaya ce: me ya sami ƙaramar nan? Sauran goma sha ɗaya kowace tana kwance cikin ƙyallenta sumul, ita kuwa ta lotse a tsakiya, bakinta ya tashi ta gefe ɗaya. Na ji amsoshi iri-iri a bakinku, ku ƴaƴana. Wani ya ce kamiyo ce, babbar motar kaya, ta taka ta a tashar Madawa. Wata ta ce ni na cije ta don in gwada ko ta gaskiya ce, sai ka ce haƙoran nawa na ƙarfe ne. Waɗannan dariya suke ba ni. Amma ranar sunan jikana na baya-bayan nan na ji wata magana ta bayan zana, ana cewa wai marigayiya uwarku Ramatu ce ta taɓa ɗauke ta a ɓoye, aka yi rigima har abin ya kai ga lotsewa. Wannan ba ta ba ni dariya ba. Ban kuma yi fushi da mai faɗa ba, domin ni na fara sakin maganar da bakina shekaru da yawa da suka wuce. Shi ya sa na zauna in rubuta yadda aka yi tun ina da sauran ido.

Ni ɗan albasa ne. Ubana ya noma ta a fadamar Galma, ni kuma na ɗora ta bisa kamiyo na kai ta har bakin teku. Ba abin da ya haɗa ni da zinariya sai zaman rumfar Tankari, maƙerin fari a kasuwar Madawa, inda nake shan shayi in ina jiran lodi. Wata rana matar wani tsohon soja ta kawo masa sule ɗaya na zinariya, gadon mijinta, ta ce a narka a yi mata ƴan kunne. Tankari ya juya shi, ya sake juyawa, ya yi ajiyar zuciya, sannan ya miƙo mini tare da madubinsa na ƙara girma.

"Dubi wanga zakara, Shaibu," in ji shi. "Wanda yay yi shi ya mutu tun kakanka shina goye, amma ga gashin wutsiyatai nan, ɗai-ɗai ana ganin su. Ni kau yanzu in sa shi wuta."

Na duba. Wallahi ban taɓa sanin hannun ɗan Adam zai iya zana zakara a fili kamar farcen babban yatsa, har a ga ya ɗaga ƙafa yana taƙama ba. Na ce wa Tankari ya auna, ya yi wa matar ƴan kunnenta da wata zinariya mai nauyi ɗaya, ni in biya, a bar mini zakaran. Matar ta dube ni kamar wanda rana ta buga, ta ce ita dai a ba ta ƴan kunne. Ciwon ya kama ni daga ranar, bai sake ni ba har yau.

Tankari ne malamina. Bai shiga lakwal ba, wato makarantar boko, amma zinariyar da ta bi ta hannunsa ta karantar da shi, abin da ya rage kuma na tsinto a bakin dillalan Abijan da Kumasi na kawo masa. Shi ya gaya mini zakaran na Faransa ne, kuma akwai zamanin da ƙasashen Turawa da dama suka yarda su riƙa buga sulensu da nauyi ɗaya, yadda mutum zai tashi daga wannan ƙasa ya sayi abinci a waccan ba tare da an yi masa gardama ba. Shi ya nuna mini fam ɗin Ingila, wanda matanmu ke kira mai doki, da mahayi yana sukar wani dodo. Ya ce in duba ƙasan kofaton dokin. Akwai wani ɗan baƙi ƙwaya ɗaya a wurin, wanda ke faɗin ƙasar da aka buga shi, domin Ingilishi sun yi ta buga shi a ƙasashen da suka mallaka, kusa da inda ake haƙo zinariyar. Ta Makka na samo ta shekarar da na sauke farali. Ba fuskar kowa a jikinta, sai rubutu da dabino da takubba biyu, ita ce kaɗai Baba, kakanku, ya yarda ya riƙe a hannunsa. Babbarsu ita ce ta Afirka ta Kudu mai barewa, oza guda cur, da ɗan ja-ja saboda an sa mata jan ƙarfe don ta yi ƙwari. An yi ta ne don talaka ma ya iya ajiye zinariya, amma akwai shekarun da ƙasashe suka hana shigo da ita saboda wariyar da ake yi wa baƙar fata a can. Na daɗe kafin in yarda in saye ta, sai da wannan mulki ya faɗi. Ta Kanada mai ganye kuwa tsantsa ce, taushinta har farce yana iya yi mata tabo. Ni abin da ke burge ni shi ne, kowace ƙasa da ta tashi sa wa dukiyarta hatimi, sai ta zaɓi abin da take so a tuna ta da shi. Wata doki, wata ganyen itace, wata zakaran da ke yawo a tsakar gidan kowa.

Gwangwanin yana ɗakin uwarku, ita ke goge masa ƙura. Ba ta taɓa hana ni ba, sai dai tsiya. Takan ce ita ce matar da ta fi kowa zinariya a ƙasar Madawa, kuma ita ce wadda kunnenta ya fi na kowa sanyi. Sha ɗayan nan ta san su kamar yadda ta san kajinta.

Sai Tankari ya ɗora mini wani ciwon bisa ciwo. Ya ce ita ma ƙasarmu an taɓa buga mata sulen zinariya, don tunawa da samun mulkin kai. Kaɗan aka yi, ba a taɓa sayen goro da shi a kasuwa ba, manya aka rarraba wa. Shi ma sau ɗaya ya taɓa gani. Na yi shekaru ina cigiya, daga Tawa har Yamai, ana yi mini kallon mai neman abin da babu. Kwatsam, a wata kaka, muna cikin ɗaurin hatsi, Tankari ya aiko mini cewa wani tsohon ma'aikacin buro na gwamnati ya rasu a Keita, magada sun fito da kayansa, kuma akwai abin da nake nema a ciki.

A shekarar ne aka sa bikin ƴata Hadiza, bayan ta gama karatun malanta. Na yi wa uwarku alkawari da bakina cewa albasar farko da zan fitar daga rudu, wato rumfar da muke ajiye ta har ta yi tsada, ta ƴan kunnen Hadiza ce, na zinariya, irin waɗanda ita Ramatu ba ta taɓa sawa ba. Na fitar da albasar, na sayar, na hau mota zuwa Keita da niyyar in duba kawai. Haka na gaya wa kaina. Aka warware mini zinariyar a tafin hannu. Ga rana a tsakiya, ga mashi da takubba biyu, ga kan sa a ƙasa, ga zangarniyar hatsi guda uku. Hatsi, ƴaƴana, irin wanda na baro a gona da safe, an zana shi a jikin zinariya. Na tsaya a tsakar gidan mutane hawaye na zubo mini, ni da gemuna. Ban tuna da kunnen kowa ba sai da motar ta gangaro daga duwatsun Keita.

To, ina zan sa ta? In na jefa ta cikin gwangwani, Ramatu za ta ga ta sha biyu, ba sai an yi mata bayani ba. In na tafi da ita bakin teku, ga duwan masu binciken kaya, ga jandarma, ga ɓarayin hanya, kuma saura kwana biyu in tashi da sauran albasar. Sai na yi dabarar da nake ganin ba wanda ya taɓa yin irinta. Da rana tsaka, mata sun tafi barka, na jingina tsani na shiga babban rumbun ƙasa. Na zaɓi damin da ya fi kowane cika, na sassauta shi, na naɗe zinariyar a ɗan guntun fata na tura ta can cikin zangarniya. Garin mayarwa sai ɓawon kalgon da aka ɗaure shi da shi ya tsinke. Na laluba aljihu na sami igiyar ɗinkin buhu, na ɗaure da ita yadda hannuna ya saba, na tura damin can ƙasa ta gabas, na jibga wasu a kansa. Na ce in na dawo da ribar tafiya sai in sayi ƴan kunnen, sannan in fito da abata a yi murna biyu. Zakkar hatsin ma, dami ɗaya cikin goma, na ce wa Baba a bari sai na dawo.

Tafiyar ta ɗauke ni wata biyu, kasuwar kuma ba ta yi daɗi ba. Ranar da na dawo aka gaya mini Baba ya sa ƙanena ya fitar da zakka tun satin da na tafi. Na ce madalla, ban kawo komai a raina ba, tunda na san daga sama kowa ke ɗiba. Sai ga Hadiza ta zo ta durƙusa tana yi mini sannu da zuwa, kunnuwanta biyu suna walƙiya. Ko ruwan da aka kawo mini ban sha ba na ɗauki tsani. Na tona gabas, babu. Na ce wa mutanen gida gara nake ji, na sa aka fitar da dammunan kaf aka baje a rana. Ba dami mai igiyar buhu ko ɗaya. A nan take na haɗa labarin da kaina, na kuma yarda da shi: uwarku ce ke ɗibar hatsin abinci in ba na nan, ta ci karo da zinariyar, ta gane inda alkawarina ya tafi, ta kai an narka.

Na same ta tana tankaɗe.

"Ƴan kunnen Hadiza, ina kinka same su?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Alhaji, kai da kay yi alkawali ba ka cika ba, kai ka tambaya? Ɗiyakka ta samu. Ka yi hamdala."

Washegari na tafi Madawa na tsaya a kan Tankari ko zama ban yi ba. Na tambaye shi ko shi ya yi aikin.

"Ni niy yi su," in ji shi.

"Da mi? Mi tak kawo ma?"

Ya ajiye zuga-zuginsa. "Maƙeri ba shi hwaɗin abin da mace tak kawo mai. In na hwaɗa ma nata yau, gobe sai in hwaɗa mata naka. Amma Shaibu, ni da nit tura ka Keita, ni za ni sa ma wagga aba wuta? Ka san ni kau?"

Mai hankali da ya ji wannan ya koma gida ya sake tunani. Ni kuwa na ce rufa mata asiri yake yi, na juya, na daina zuwa rumfarsa.

Ban taɓa buɗe baki na ce wa uwarku ta yi sata ba, kuma na daɗe ina fakewa da wannan. Amma ku ji abin da na yi. Na ɗauke gwangwanin daga ɗakinta na kulle a akwatina. Na ɗauke tsanin rumbu na sa a shagona, na koma ni ke fitar mata da dami, kamar baƙuwar da aka kawo jiya, matar da ta yi shekara ashirin da wani abu tana riƙe da gidan. Ranar bikin Hadiza mutane suka yi ta yi mini barka, wai na fitar da ƴata kunya, domin Ramatu ta gaya wa kowa ubanta ne ya saya mata. Ina amsawa da baki kawai. A ranar ne ƙanwata ta tambaye ni abin da ya sa fuskata ba walwala, na ce mata abu ya ɓace mini a gidan nan, kuma na ga inda ya fito. Maganar da na yi ke nan, ba ƙari, ita ce kuma ta hayayyafa har kuka ji jikarta ta bayan zana. Uwarku ta ga an ɗauke tsani, ta ga mata sun fara yin shiru in ta iso rijiya, ba ta san laifinta ba, ba ta kuma tambaya ba. Abincina bai taɓa makara ba. Tsiyar da take yi mini ce kawai ta ɗauke, gidan ya zama ba daɗi. Haka muka yi rani, muka yi bazara.

Ruwan shuka ya sauka da kwana uku, da hantsi, sai ga sallamar Inna Cima. Ƙawar marigayiya uwata ce, daga wani ƙauye a kan hanyar Allakai. Mijinta ya rasu, ƴaƴanta maza biyu sun tafi ci-rani shiru, tun uwata na da rai kuma gidanmu ke aika mata da dami cikin zakka. Rabin hanya ta bi amalanken jaki, sauran ta taka da ƙafa, taɓo har ƙauri. Aka ba ta ruwa da fura, ta sha ruwan ta ture furar. Ta ce a kira mata Baba, a kira ni, a kira matar gida, don abin da ta zo da shi ba ta buɗe shi sai gaban mutane. Muka zauna gindin bishiyar bedin tsakar gida. Ta kwance bakin zanenta, ta fara fito da wata ƴar igiya ta shimfiɗa bisa tabarma.

"Wagga igiya, ta wa ta?"

Na ce tawa ce.

"Na sani," in ji ta. "Gida ukku ka ba ni zakka. Biyu manoma na, da kalgo suka ɗauri. Wanga kau ɗaurin bakin buhu na, manomi ba shi yin shi. Nic ce wanga mai albasa na, kuma da hannunai yaɗ ɗaure, don ɗan ƙodago in yay yi hakanga korar shi aka yi."

Baba ya yi gyaran murya. "Ni niz zaɓe shi," ya ce. "Nis sa anka hiddo damma hak ƙasa. Ba ni ba Allah na bisa, wanda ɓera ya riga ya taɓa. Niɗ ɗaga wanga nij ji ya hi sauran nauyi."

Inna Cima ta ci gaba. Ta ce damin ya yi mata kyau, shi ya sa ta bar shi na ƙarshe, tana cin sauran a hankali. Shekaranjiya ta kwance shi, ta kakkarya zangarniyar ta zuba a turmi. Idonta ba ya gani sosai.

"Taɓarya ta hwari, lahiya. Ta biyu, nij ji ƙwas. Nic ce dutse na. Nis sa hannu, sai ga hwata ta hwashe, ga wanga abu ciki."

Ta ajiye ta kusa da igiyar. Zinariyata ce, ta lotse a tsakiya, daidai kan ranar.

"Nik kai ta haske nik kanga ma ido, sai ga hatsi jikinta. Da zamanin ubana na, kahin mu kama salla, da an ce hatsi ya haihu, a nemo baƙar akuya. Ni kau nic ce ba hatsi na ya haihu ba, wani na yay yi wauta."

Ku tsaya ku duba matar nan da kyau, ƴaƴana. Lokacin shuka ne, lokacin da rumbun mai hali ma ke ƙara in an buga shi. Daminta na ƙarshe ke nan. Ba wanda ya gani, ba wanda zai taɓa tambaya. Abin da ke bakin zanenta zai ciyar da ita har wata kakar ta wuce. Ta bar gonarta ba shuka a kwanakin da ƙasa ke da laima, ta tako da ƙafa don ta bi sawun ɗaurin igiya. Na ga manyan attajirai a Abijan, na zauna da malamai a Makka, ban ga wanda ya cika mini ido kamar tsohuwar nan mai haƙora huɗu ba. Na shiga na ɗauko gwangwanin, na ce ta zaɓi wadda take so. Ta leƙa ciki kamar mai duba miyar da ba ta yarda da ita ba.

"In kai ta ina? In rataya ma wa? Hatsi anka ba ni, hatsi nic ci. Abu guda nika roƙo: baɗi in za ka aiko, aiko wanda babu ƙarhe ciki."

Baba ya yi dariya har da tari. Ni ban iya ba, domin uwarku ta miƙa hannu ta ɗauki zinariyar. Ranar ce ta fara ganinta a duniya. Ta juya ta, ta dubi hatsin, ta dubi igiyar, sannan ta dube ni. Ramatu ba ta buƙatar a yi mata dogon bayani.

"Alhaji, wagga ta? Don wagga anka ɗauke man tsani?"

Na so in ce mu shiga daga ciki. Amma na ga tsohuwa ta ƙi buɗe gaskiyarta sai gaban mutane, ni kuma ina neman lungun da zan kai tawa. Sai na faɗa a nan, gaban ubana da baƙuwa. Na faɗi Keita, na faɗi alkawarin da na ci, na faɗi abin da na zarge ta da shi, har maganar da na yi wa ƙanwata. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Baba ya sunkuyar da kai yana jan casbi. Uwarku ta bari sai da na gama.

"Awakina na kunnen Hadiza," ta ce. "Waɗanda ag ga Bahillace arewa ga Buza. Dut nis sai da su, hat tunkiyad da innata tab ba ni. Nic ce kai kas saya, don kak a ce uban amarya ya kasa."

Awakin nan tun tana amarya take tara su, kuma da yake suna wurin kiwo ban ma san babu su ba. Na tura gwangwanin gabanta. Na ce ta ɗauki wadda ta ga dama, ko mai barewa ce, Tankari ya narka ya yi mata abin wuya da na hannu, ko ta sayar ta mayar da garkenta. Da gaske nake, ko duka ta ce zan ba ta. Ba ta ko kalli gwangwanin ba. Ta rufe hannunta a kan lotsattsiyar.

"Wagga nika so. Ita ɗai taz zo tay yi man shaida."

Da ta ɗauki mai barewa da ya fi mini sauƙi, kuma ta san haka. Abin da na yi shekaru ina nema, na ci alkawari saboda shi, kwana biyu kacal ya yi a hannuna. Na ce na ba ta, Baba da Inna Cima suka shaida. Da la'asar na mayar da tsani wurinsa da kaina, na mayar da gwangwani ɗakinta. Washegari na ɗora Inna Cima a mota da hatsi da iri, na tura mutane suka shuke mata gonarta, duk kaka kuma ina aika mata har ta rasu, da ɗaurin kalgo. Na je na ba Tankari haƙuri, ya zuba mini shayi ya ce tun yaushe kofina ke jira. Na je wurin ƙanwata na warware maganata, na bi gidajen da na san ta shiga. Awaki ma na mayar a hankali. Maganar ce ban iya kamowa duka ba, ga shi har bayan uwarku ta kwanta dama maganar tana yawo.

Daga ranar, in ina son ganin zinariyar ƙasata sai na roƙa. Takan ce in jira ta gama abin da take yi. Sannan ta wanke hannu, ta buɗe kwallarta, ta kwance, ta ɗora mini a tafi, ta tsaya a kaina. In na daɗe sai in ga hannunta a miƙe. Baƙi masu sha'awar irin abin nan sun zo daga Tawa, na nuna musu sha ɗaya, na ce ta sha biyun sai mun nemi izini, suka ɗauka wasa nake. Tsiyarta kuwa ta dawo, har da ƙari. Ta ce wanda ya zana hatsin nan bai taɓa riƙe hauya ba, zangarniyar gajeru kamar na shekarar fari. Amma na sha shigowa in same ta ita kaɗai a bakin ƙofa ta kanga ta ga haske tana kallo. Tankari ya ce zai iya buga ta a hankali ta miƙe, ba mai ganewa sai da madubi. Na kawo mata maganar da murna. Ta ce in gaya masa ta gode, a bar mata abarta yadda ta zo.

Da ta rasu, Hadiza ce ta buɗe kwallar. Zinariyar na can ƙasa cikin ƙyalle, an ɗaure ƙyallen da igiyar buhun nan tawa. Ban san ta ajiye igiyar ba sai ranar.

To ga abin da nake so ku riƙe. Sha ɗayan nan nawa ne, in na tafi ku raba yadda shari'a ta ce, wanda ya matsu ya sayar, ba zan ji haushi ba. Ta sha biyun ba tawa ba ce, ta uwarku ce, rabon da ya faɗo mini a cikinta kuma na bar muku. Dillali zai gaya muku lotsewar ta kashe mata daraja, ba ta wuce nauyinta ba, gara a narka. Kada ku ba shi, kada kuma ku kai a gyara. Wanda ya tambaye ku me ya same ta, ku ce taɓaryar Inna Cima ce. In ya ƙara tambaya, ku ce ubanku ne ya ɓoye ta, ubanku ne ya yi zargi, uwarku ba ta taɓa sa ta a ido ba sai ranar da aka dawo da ita.

Yanzu tana cikin gwangwani tare da sauran, mabuɗin akwatin kuma yana aljihuna. Shekara shida ke nan ba mai hana ni. Amma har yau in na kai hannu kanta sai in ji ya tsaya, ina jiran a ce mini in bari ta gama abin da take yi.